Akwatin kayan fulam na ƙasashen duniya: wanda ya yi da wanda bai yi ba

Bari in faɗi hukuncina tun kafin surutu ya yi yawa, akwatin nan ya ci kuɗinsa in dai kuna shiga kicin kuna girki, amma in don ku zauna ne ku buɗe kwalabe kuna lasa da cokali kamar yadda masu sayarwa suka nuna a bidiyon tallarsu to ku riƙe kuɗinku, domin fiye da rabin abin da ke ciki ba na ci haka nan ba ne, kayan haɗa miya ne da nama da shinkafa, wanda ya ɗanɗana su kai tsaye daga kwalba zai rantse an cuce shi. Wani shagon intanet ne mai sayar da kayan abincin ƙasashe yake haɗa shi, duk abin da ke ciki daga fulam aka yi shi, wannan ɗan itacen mai ƙwallo ɗaya a tsakiya da fata mai santsi, wani ja wani shuɗi-shuɗi wani rawaya, wasu kayan na ɗanyensa ne wasu na busasshensa da ake kira furun. Akwai na Faransa, Foland, Romaniya, Jojiya, Iran, Japan, Sin da Meziko, sai wani ɗan littafin girki da suka cusa a gefe wanda zan zo kansa don ina da magana.

Na Faransa na fara buɗewa saboda shi ne wanda sunansa ya fi fita, furun ɗin Agen. Duk wanda ya saba da busasshen fulam ɗin da ake zubawa a leda mai tauri yana maƙalewa a haƙori, wanda mutane ba sa tunawa da shi sai ciki ya ƙulle, to wannan daban ne wallahi. Baƙi ne wuluk yana ƙyalli, taushi har kana iya raba shi da yatsa biyu, cikinsa launin zuma, zaƙin ba mai hawa kai ba ne akwai ɗan tsami a ƙarshe da ke hana shi ginsar mutum. Daga wani irin fulam ake yin sa mai suna Ente a yankin Lot-et-Garonne da ke kudu maso yammacin Faransa, kuma yawancin gonakin ma ba a Agen ɗin suke ba, sun fi yawa wajen Villeneuve-sur-Lot, sunan Agen ya bi shi ne don daga tashar jirgin ruwan garin ake lodinsa a da a bi kogin Garonne da shi zuwa Bordeaux. Tun 2002 Tarayyar Turai ta ba shi kariyar suna, ba kowa ne zai busar da fulam ya liƙa masa sunan ba. Ana tsinka daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, a busar a tanda mai iska mai zafi kusan kwana guda, kuma sai an haɗa kilo 3 ko fiye na ɗanye kafin a samu kilo 1, shi ya sa tsadarsa ba ta ba ni haushi sosai ba. Wanda suka sa a akwatin irin wanda ake tsayar da busarwar a rabi ne, ruwan jikinsa ya rage wajen kashi 35 cikin 100, maimakon a busar da shi ƙarau sannan a dawo a jiƙa, kuma bambancin yana fita a baki. Irin wannan fulam ɗin na Ente ne 'yan uwan Pellier suka kai Kalifoniya a 1856, daga nan noman ya bunƙasa har Kalifoniya ta zama cikin manyan masu fitar da furun a duniya, to asali ɗaya ne amma sarrafawar ta bambanta.

Shi kaɗai ne a akwatin da za ka ci haka nan ka ji daɗi, amma ko shi ɗin a tukunya ya nuna kansa. Na yi tajin ɗin Maroko da shi, naman rago da albasa da citta da kirfa da zafaran a wuta kaɗan-kaɗan har naman ya fara rabuwa da ƙashi, shi kuma furun ɗin ba a zuba shi tun farko, a gefe ake dafa shi da ɗan romon naman da zuma da kirfa har ya kumbura ya yi yauƙi, sai a jera a saman naman a watsa soyayyen almon da riɗi. Kai jama'a. Nama da zaƙi abu ne da mutane da yawa ke jin sa su yamutsa fuska, ni ma ba kowane irinsa nake so ba, amma a nan kitsen ragon ne yake neman abin da zai yanke shi, furun ɗin kuma yana da tsamin da zai yi aikin, ga kirfa ta ɗaure su waje guda. Ba banza ba Marokawa suke ajiye wannan girkin don biki da manyan baƙi. A Aljeriya akwai ɗan uwansa lham lahlou da ya fi shi zaƙi nesa ba kusa ba, da azumi suka fi yin sa, wasu ma ba sa sa masa gishiri ko kaɗan, ni dai na Marokon ya fi kwanta mini don na fi son naman ya ci gaba da zama nama.

Amma gwarzon akwatin a wajena tkemali ne na Jojiya, wata kwalba mai ruwa kore-kore da ba ta da wani kyan gani. In ka lasa da cokali za ka ji tsami ya tsinka maka yawu har kunne, ga tafarnuwa ga ɗan yaji ga wani ƙamshin ganye mai kama da na'a-na'a amma ya fi ta ƙarfi, za ka ce me zan yi da wannan. To soya dankali ko ka gasa kaza ka ɗiga a kai ka gani. Ƙananan fulam masu tsami ake dafawa a tace a cire ƙwallo da fata, a daka tafarnuwa da koriyanda da dil da barkono a zuba, sai wannan ganyen da suke kira ombalo wanda in babu shi su a wajensu tkemali bai cika ba. Kore ana yin sa ne tun lokacin da 'ya'yan ba su nuna ba, ja kuma na bayan sun nuna, ya fi laushi a baki. Na so a ce sun sa duka biyun ko da ƙananan kwalabe ne don mutum ya gwada, amma kore kaɗai suka bayar. Abin da ya burge ni babu sikari mai yawa a ciki, babu wani sitaci da aka zuba don ya yi kauri, tsamin na ɗan itacen ne da kansa, kuma yana ɗaga duk wani abu mai maiƙo, ƙwai soyayye ma na sa masa ya tafi. Shi ne ya fara ƙarewa, kuma in zan sake oda to shi kaɗai zan saya babbar kwalba in huta.

Daga Iran suka sa abu biyu, alu bukhara da lavashak. Alu bukhara busasshen fulam ne mai launin ruwan zinare zuwa ja-ja, ƙarami, tsaminsa ya fi zaƙinsa, sunansa daga birnin Bukhara na Uzbekistan ya samo shi, kuma daga Iran har Afganistan da Pakistan da Indiya da sunan aka san shi. Da ƙwallonsa yake zuwa, dan Allah duk wanda zai zuba a girki ya gaya wa masu ci tun kafin su kai loma, don ya yi laushi ya ɓuya a cikin miya mutum ya taune da ƙarfi sai haƙori. Na yi miyar Iraniyawa ta alayyahu da shi, khoresh alu esfenaj, nama da albasa da kurkur, alayyahu mai yawa da aka soya shi daban har ya yi duhu, sai a jefa fulam ɗin wajen ƙarshe kada ya narke gaba ɗaya, a ci da farar shinkafa. Miyar ba ta da kyau a ido gaskiya, duhu ce kawai, amma duk cokalin da ya haɗu da fulam ɗaya sai ka ji miyar ta farka. A biryanin Sindh na Pakistan ma haka yake yi, yana zaune cikin shinkafa mai yaji sai ka ci karo da shi ya sanyaya maka baki. Shi kuwa lavashak fulam ne da aka dafa aka shimfiɗa siriri aka shanya ya zama kamar fata, a naɗe, tsami da ɗan gishiri, yara za su so shi manya ma haka, Jojiyawa suna da irinsa tklapi da suke yagawa su jefa a miyar kharcho don tsami. Wanda aka aiko ya ɗan bushe da yawa yana karyewa maimakon ya naɗu, ba laifi dai amma ba abin da zan nema ba ne.

Toh sai umeboshi na Japan, nan ne nake ganin mutane da yawa za su yi fushi da akwatin. Ƙwaya ɗaya ja mai yamutsattsiyar fata, ka sa a baki gaba ɗaya sai idonka ya kawo ruwa, gishiri da tsami ne kawai ba ɗigon zaƙi. Kuma haka ya kamata ya zama, na gargajiya ne suka sa, wanda gishirinsa ya kai wajen kashi 20 cikin 100. A watan Yuni ake tsinko ume, ɗan itacen da ake yin umeboshi da shi, lokacin damunarsu, a jera a mazubi da gishiri a danne da nauyi har ruwansa ya fito, a sa jan ganyen shiso ya ba shi launi, sai bayan ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Yuli a shanya a rana kamar kwana 3. Na yankin Wakayama ne, irin da ake kira Nanko, yankin da ya fi ko'ina noman ume a Japan musamman garuruwan Minabe da Tanabe. Masana tsirrai ma sun ce ume ya fi kusa da afirikot a kan fulam, amma a kasuwa cikin dangin fulam ake lissafa shi shi ya sa ya shigo akwatin. Yadda ake cin sa shi ne ƙwaya ɗaya ga kwanon shinkafa guda, farar shinkafa mara gishiri, kana gutsurar ɗan mitsitsi kana haɗawa da loma, ko a cusa shi a tsakiyar dunƙulen shinkafa da suke kira onigiri, ko a ɗora ɗaya a tsakiyar farar shinkafa a kwanon tafiya ya yi kamar tutar ƙasarsu. Da na ci shi haka sai na gane, shinkafar ce take buƙatarsa, shi kuma ita. Akwai na zamani mai zuma da gishiri kaɗan da ya fi sauƙin ci amma sai an sa a firij, shi wannan na gargajiyar yana shekaru bai lalace ba. Mai hawan jini ya yi hattara da shi sosai, ba wasa nake ba. Abin haushin ko layi ɗaya ba su rubuta a jikin robar ba na yadda ake ci, duk rubutun Japananci ne, sun bar mutum da idonsa.

Na Foland, suska sechlońska, furun ne da aka busar da hayaƙin itace na kwanaki, sunan daga ƙauyen Sechna da ke kudancin ƙasar, shi ma yana da kariyar suna ta Turai tun 2010. Ana buɗe ledar ƙauri ya cika ɗaki, ba ƙaurin abin da ya ƙone ba, irin na kyafaffen abu. Ci haka nan ya yi mini nauyi, guda biyu na ji ya isa, amma da na jefa kaɗan a farfesun naman sa sai romon ya yi wani zurfi kamar an kwana ana dafa shi a murhun itace. Su can suna sa shi a bigos, girkin kabeji da nama, kuma da shi ake dafa ruwan busassun 'ya'yan itace da suke sha daren jajibirin Kirsimeti, wanda 'yan Yukren ke da irinsa uzvar. Na gwada ruwan, gaskiya ban iya shi ba, shan abu mai ƙauri da sanyi sai wanda ya tashi da shi. Abin mamaki kuma na Sin ɗin shi ma mai hayaƙi ne amma ya shiga, suanmeitang, fakiti ne na kayan haɗi busassu, baƙin fulam kyafaffe da suke kira wumei, da yankakkun 'ya'yan shanzha masu tsami, da saiwar zaƙi da ɓawon lemu da 'yan furanni rawaya masu ƙamshi, a jiƙa a tafasa a sa sikari a tace a sanyaya. Abin shan lokacin zafi ne a Beijin tun zamanin sarakunansu, kuma ana yawan shan sa da abinci mai yaji da maiƙo. Ina ga tsamin da ƙamshin furen ne suka rufe ƙaurin, ya zama yana can baya kawai. In ka sa masa ƙanƙara bayan ka ci abu mai nauyi sai ka ji ciki ya sauka. Fakiti ɗaya tak suka sa, rowa.

Kwalbar Romaniya magiun ne na Topoloveni, fulam zalla da aka dafa awanni masu yawa ana juyawa har ya zama baƙi mai kauri, ba sikari ba komai, shi ne kayan Romaniya na farko da ya samu kariyar suna ta Turai a 2011. Danginsa ne powidl na Ostiriya da Cek da powidła na Foland da lekvar na Hangari, duk hikima ɗaya ce ta mutanen da suke da fulam jibgi a kaka ga sikari da tsada, sai su bar 'ya'yan su nuna tuɓus su dafa har zaƙin kansu ya riƙe su. Kada ku yi tsammanin jam, bai kai jam zaƙi ba kuma yana da ɗan ɗaci-ɗaci na daɗewa a wuta, cokali yana tsayawa a ciki. A burodi da bota ya yi, amma amfaninsa na gaske a cikin ƙulli ne don ba ya tsinkewa ya zubo in ya ji zafi, shi ya sa Ostiriyawa ke cusa shi a kayan ƙullinsu Buchteln da Germknödel. Na cusa a ƙullin burodi mai madara na gasa, ya zauna daram a tsakiya. Wannan kwalbar ce ta iso murfinta ya ɗan saki ta ɓata kwalin da gefen littafin, na tura musu hoto, ba su yi gardama ba suka aiko wata, sai dai ta daɗe a hanya. Sauran kwalaben an naɗe su da kyau.

Saladitos na Meziko ban da abin cewa mai kyau a kai. Busasshen fulam ne ƙanƙararre da gishiri ya yi masa fari, asalinsa daga irin na Sinawa ne huamei, a Hawai ma akwai ɗan uwansa li hing mui, ana tsotsa ne ko a cusa a rabin lemu a matse. Wanda suka sa an zuba masa sinadarin zaƙi na roba da ke barin maƙaƙi a harshe, na tsotsa ɗaya na ajiye sauran. Masu sonsa suna sonsa sosai na sani, ni dai a'a.

Yanzu littafin. An buga shi da kyau hotuna masu sheƙi, amma wanda ya rubuta kamar bai ga abin da aka zuba a akwatin ba. Shafuka da yawa sun tafi kan girke-girken ɗanyen fulam wanda babu shi a ciki, szilvás gombóc na Hangari da ake naɗe fulam guda a ƙullin dankali a dafa a mirgina a soyayyen garin burodi da kirfa da sikari, da kek ɗin Augsburg na Jamus Zwetschgendatschi da ake jera yankakken fulam a saman ƙulli, da chakapuli na Jojiya mai koren fulam da naman rago. Duk abinci ne masu kyau ba musu, amma me ya hana su ba ni awon tajin daidai ko su ce ga yawan ruwan da za a tafasa fakitin Sin da shi? Sai da na nemo da kaina. Girkin furun biyu kawai suka kawo da za ka iya yi nan take, far breton na yankin Bretagne na Faransa, wato ƙwai da madara da fulawa da sikari a zuba kan furun a gasa, wanda ya fito da kyau sosai kuma ba wuya, da miyar kaza da lik (wani dangin albasa) ta Sikotland, cock-a-leekie, da ake jefa furun a ciki, ita kam ban ga abin da furun ɗin ya ƙara mata ba.

Sai maganar da ta fi muhimmanci ga masu kiyaye abin da suke ci. Fulam da giya sun daɗe tare a ƙasashe da yawa, Sabiya tana da šljivovica da har UNESCO ta sa al'adar yin ta a jerin kayan gado a 2022, Japan na da umeshu, Faransawa na jiƙa furun a giyarsu Armagnac, kuma ainihin akwatin yana zuwa da kwalbar wannan na ƙarshen. Akwai wajen da za ka danna a canza maka da wani abu, ni lavashak aka ba ni a madadinsa, amma sun ɓoye wajen can ƙasan shafin biya da ƙananan haruffa, wanda bai lura ba sai dai ya ga kwalba ta iso. Haka girke-girken littafin, chakapuli da farin ruwan inabi mai bugarwa ake yin sa, bigos kuma yawanci da naman alade, ba su yi wata alama ba balle su ce ga abin da za a sa a madadi. Ku karanta komai da kyau kafin ku biya da kuma kafin ku ɗora tukunya.

Wani abu kuma da ba su faɗa ba, furun yana sakin ciki da gaske ba camfi ba ne, a giram 100 akwai harza wajen giram 7 ga kuma wani nau'in zaƙi mai suna sobitol da ke jawo ruwa zuwa hanji, to na Agen ɗin nan da yake da daɗi mutum zai iya zama ya tashi da rabin leda bai sani ba, daga baya ya ji a jikinsa da kumburi da zirga-zirga. Huɗu ko biyar sun isa a zama ɗaya, yara kuma ƙasa da haka, masu ciwon suga su tuna busasshen abu ne zaƙinsa a tattare yake.

In da tauraro ake bayarwa zan ba kayan huɗu cikin biyar, littafin biyu, kula da mai saye uku da rabi saboda sun canza kwalbar ba rigima. A matsayin kyauta ga wanda ba ya girki kada ku soma, zai ci na Faransa ya bar sauran su tsufa a kabad. Wanda kuma ya riga ya san abin da yake so ya sayi tkemali da alu bukhara da furun ɗin Agen daban-daban, shagon yana sayar da su ɗai-ɗai kuma girman ya fi na cikin akwatin, in an buɗe tkemali da magiun a sa su a firij a riƙa ɗiba da busasshen cokali don ba su da sikarin da zai tsare su daga fumfuna.